Bencin Kaka Mai Rawa

"Lafiya lau, maigida, idan har matar da miji ya yasar tana da wata lafiya," in ji Kaka, tana share gumi da gefen mayafi.

Dogo kafinta ya ajiye zarto ya dubi kakarsa, sannan ya dubi mai baron da ke bayanta yana sauke benci. Ya gane bencin. Shi ya yi mata shi watan jiya, lokacin da ya dawo da sana'arsa wannan shago na bakin titi, a gindin wata babbar bishiya. A gefe guda ga teburori da bencuna jere, sun sha goga, sai ƙamshin sabon katako suke yi. Na wani mai gidan abinci ne da zai jera su a harabarsa don masu son cin abinci a waje, kuma ya ce da la'asar zai zo da mota. Dogo bai taɓa samun aiki mai girman wannan ba. Mutumin ya yi alkawari idan kayan suka yi masa, zai haɗa shi da abokan sana'arsa.

"Amarya, yaji kika yi ne har da kayan ɗaki?" in ji Dogo. "Ai masu yaji gidan iyayensu suke tafiya, ba wurin miji ba."

"Iyayena sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa kake min wulaƙanci. Ga tsiyarka nan na dawo maka da ita. Benci na ce ka yi min, ka yi min doki."

"Doki kuma?"

"Ina zama sai sukuwa. Shekaranjiya ina shan shayi, rabi ni na sha, rabi zanena."

"Na gaya miki a waya, tsohuwa, ba benci ke rawa ba, ke ce. Mutum ya ga haihuwar duwatsu, ya ce jikinsa ba zai yi karkarwa ba?"

"Ni na ga haihuwar duwatsu? To na ga taka ma. Aka miƙo min kai, na duba sama na duba ƙasa, na ce ina sauran? Duk ƙafa ne, babu wurin sa hankali."

Tela, maƙwabcin Dogo, ya tsayar da kekensa ya leƙo daga barandarsa yana murmushi.

Dogo ya ɗauki bencin da hannu ɗaya ya kai shi inuwa, kan wani tsohon daɓen siminti da ke jikin bishiyar. Nan ne wurin gwajinsa. Duk abin da ya gama haɗawa, nan yake ajiye shi ya girgiza. Ƙafar da ya ga ta yi tsawo sai ya rage ta da zarto, har sai abin ya tsaya cak. Ya ajiye bencin Kaka, ya danna wannan gefe, ya danna wancan. Ko motsi.

"Bismillah, ranki ya daɗe. Hau dokinki mu ga sukuwa."

Kaka ta zauna, ta karkata dama, ta karkata hagu. Bencin ya tsaya kamar an dasa shi.

"Tela, kai ne shaida," in ji Dogo. "Gobe asibiti zan kai ta a ɗaure mata kusoshi."

"Munafukin benci ne, halin mai shi ya ɗauko. A gaban mutane salihi, a gida sai iya shege."

"To ko tsakar gidanki ce ta tsufa tare da ke?"

"Tsakar gidana ubanka ne ya sa aka yi mata siminti, lafiyayye, ko ƙwai ka ajiye ba ya gangarawa. Tela! Aro min barandarka. In wannan ya ƙi gyaruwa, dama kai nake so, ko ba komai ka ɗinka min zane."

"Ni ban iya ciyar da mai cin goro irin naki ba, Kaka," in ji tela, yana janye kujerarsa. "Amma ga wuri."

Barandar tela sabuwa ce, sumul, ba ta daɗe da bushewa ba. Dogo ya kai bencin yana dariya, ya ajiye, ya ɗora masa hannu.

Ƙwas. Ya ɗaga hannu. Ƙwas.

Dariyar ta tsaya. Ya durƙusa ya leƙa. Ƙafar baya ta dama ba ta taɓa ƙasa ba, yatsa zai iya shiga tsakani.

"Yi masa kiɗa mana, tela," in ji Kaka. "Ba ka ga ya fara ba?"

Dogo ya miƙe. Ya koma ya ɗauko dogon falankin katako miƙaƙƙe, ya kwantar da shi a kan daɓen gwajinsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Falankin ya yi lilo. Saiwar bishiyar ce ta bi ta ƙarƙashi ta ɗaga kusurwa ɗaya, kaɗan dai, yadda ido ba zai lura ba. Tun da ya zo shagon nan, ƙafar da ta faɗa kan wannan tudun ita yake ta yankewa, alhali ba ta yi laifin komai ba.

Ya juya ya dubi kayan mai gidan abinci. Duk a nan ya gwada su. Ya ɗauki tebur ɗaya, tela ya kama masa, suka kai baranda. Ƙwas. Suka kawo benci. Ƙwas. Harabar mai gidan abinci kuwa tayil ne aka shimfiɗa mata, Dogo ya gani da idonsa ranar da ya je awo. Ya hango miya tana malala a cinyar baƙi, ya hango motar tana dawo masa da kaya ana kallo.

"Innalillahi," ya ce a hankali.

"Wa ya mutu? In ni ce, ba a sanar da ni ba."

"Kaka, duk haka suke."

"Ai na sani. Uwa ɗaya uba ɗaya, gurguntar ma gado ce. Yanzu tsayawa za ka yi kana salati, ko zarton ne ya yi maka nauyi? Rana ko tsaka ba ta yi ba. Rage sauran ƙafafun su dace da gajerar. Ni zan hau in gwada, tunda jikina ne ke karkarwa, wanda ya tsaya da ni zai tsaya da kowa."

Haka aka yi. Tela ya haƙura da barandarsa, Dogo yana awo yana yanka, garin katako yana zuba, Kaka tana hawa tana sauka tana ba da hukunci.

"Wannan ya shiryu. Wancan har yanzu da sauran ƙuruciya."

"A hankali dai, kar ki karye a ce ni ne."

"In na karye ka huta da cefanen da dama ba ka yi."

Kafin a kira la'asar, kayan duka sun tsaya daram a kan barandar. Dogo ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya jawo bencin Kaka, ya ɗaga zarto.

"Kai! Ajiye! Wa ya ce ka taɓa min nawa?"

"Ba gyara kika kawo shi ba?"

"Gyaran me? Jaririn ƙanwarka in ya fara tsala ihu, a kan bencin nan nake zama da shi. Ƙwas, ƙwas, sai barci. Duk unguwa babu mai irinsa."

Dogo ya sauke zarton. "To don me kika sa aka turo shi tun daga gida cikin ranar nan?"

Kaka ta ɓare goro ta jefa a baki, tana kallon titi. "Uwarka ta ce yau mai gidan abinci zai zo. Na gaya maka a waya ka ce tsufa ne. In aka yi maka dariya a gari, wa za a nuna da baki? A ce ga matar kafintan nan mai gurguwar sana'a. Ni da mutuncina."

Dogo ya dubi kakarsa. Sai kuma ya fashe da dariya, har ya zauna a ƙasa cikin garin katako.

"Na sallama, amarya. Kin ci." Ya shiga shago ya fito da wani ɗan ƙaramin tebur da ya yi wa kansa don ɗora abinci, ya ajiye a gabanta. "Ga na shayi, zanenki ya huta."

Kaka ta miƙa yatsa ɗaya ta danna gefensa. Ƙwas.

"Tela," ta ce, "wai nawa ne sadakinka?"