Gidan da Manaja Ya Gani a Cikin Duhu

Ba kowane ofis Allah ya yi wa baiwar da ya yi wa namu ba. Manajanmu, wanda muke kira Hangen-Nesa a bayan idonsa, ba ya tafiya sai taku, ba ya magana sai jawabi. Gidaje yake sayarwa, yawancinsu tun ba a kafa tubalin farko ba.

Ina cikin watan gwajin aiki ya sayo na'urar nan da ake ɗaurawa a fuska, mutum ya ga kansa yana yawo cikin gida. Mai araha ce, ba ta buƙatar kwamfuta, amma ya sanar da mu cewa sai manya ake sayar wa irinta. Ni ya ɗora wa kula da ita. In wata likita da yake zawarcin cinikinta ta sa hannu, aiki ya zama nawa. In ta ƙi, in kama gabana.

Cikin ladabi na ce masa gefen hoton yana dishi-dishi, na'urar tana sa jiri, batirinta kuma ba ya jimawa. Ya dube ni kamar na zagi kakansa. Ranar da za a nuna wa likitar gidan, ya wuni a cikinta yana atisaye, ya hana a sa caji, wai igiya tana zubar wa kaya kwarjini.

Likita ta iso. Maimakon ya miƙa mata, sai ya ɗaura da kansa, mu kuma muna kallon abin da yake gani a talabijin ɗin bango. Falo ya fito, kicin ya fito. Sai allo ya yi baƙi ƙirin, batiri ya mutu.

Hangen-Nesa ko gezau.

"Yanzu ga mu a bene, Likita. Dubi lambu. Dubi wurin ninkaya, har ruwan yana ƙyalli."

Likita ta dubi baƙin allon, ta dubi takardun filin, ta tambaye ni ƙasa-ƙasa ko su ma da wannan idon aka duba su. Ta ɗauki jakarta ta fice. Shi kuwa ya ci gaba da zagayawa da ita ɗakin baƙi, sai da ma'ajinmu ya yi gyaran murya ya gaya masa.

Bai cire na'urar ba. Ya miƙe yana tangaɗi, ya ɗaga yatsa.

"Kai, daga yau na sallame ka."

Yatsan ya tsaya wani wuri tsakanina da ma'aji da firji.

Har yau ni da ma'aji muna zuwa aiki, ba mai ƙarfin halin tambayar wa aka sallama. Jiya dai aka zo aka fitar da firjin.