Jirgin Layit

Ba zan taɓa mantawa da taron nan ba, kuma ko na so, 'yan tasharmu ta Ƙofar Taramniya ba za su bari ba.

Keke mai ƙafa uku nake ja. A aji uku na bar sakandare, wanda a tasharmu ya isa a kira mutum mai ilimi. Shi ya sa ni ne mai magana da yawun direbobi, kuma ladan kujerar guda ne: ba na bin layin ɗaukar fasinja. In zo, in cika, in tafi.

Sai wasu masu tsara birane suka kira taro. Wai in za a yi wa Sakkwato jirgin cikin gari, wanne ya fi, na ƙarƙashin ƙasa ko mai bi ta kan titi, wanda suke ta kira layit rel? (Har yau babu ko ɗaya. Surutu ne da ruwan leda.) Ciyaman ɗinmu ya ce in je in fitar da mu kunya. Na sa babbar riga, direbobi suka biyo ni.

Tun da na ji "layit" na ce na gama da su. Na karɓi lasifika.

"Ranku shi daɗe, wanga jirgin layit, ina munka ga layit ɗin? A ɗauke wuta jirgi na tsakiyar hanyar Kalambaina, fasinja su sauka su tura? A yi muna na rami. Shi ba ruwanai da wuta, ga shi da sanyi."

Mutanena suka yi tafi. Har na ɗan gyara hula.

Wata injiniya, wadda ba ta girmi 'yata ba, ta ce, "Baba, layit ɗin nan ba wuta ake nufi ba, mara nauyi ake nufi. Duka biyun da lantarki suke tafiya. Na ramin ma ya fi ci, don har iskar da za ka shaƙa a ciki inji ke turo ta."

Mai hankali da ya zauna. Ni na ce, "To ai shi nika nuhi."

Daga baya wani ya ɗaga murya (muryar Ɗan'ige ce, wanda ya daɗe yana haƙon kujerata): "Malam, in anka ɗauke wuta kana cikin ramin, wa ka turo ka waje?"

Aka yi dariya har da masu manyan kujeru.

Washegari na shigo tasha na nufi gaba kamar kullum. Ciyaman bai ko dube ni ba, ya nuna baya da haɓa. "Layit, ga layi can."

Sunan ya zauna, kujera ta koma hannun Ɗan'ige, wanda ko aji ɗaya bai yi ba. Yanzu ina da lokacin tunani sosai a cikin layi, kuma abin da na gano shi ne kalmar Bature fuska biyu gare ta. Ta biyun a aji huɗu ake koyarwa.