Rezo a Rumbun Kawu

Ranar da aka ce mu tura sunayen 'yan jarrabawa zuwa Magariya kafin la'asar, na ce wa darektan lakwal ɗinmu, wato shugaban makarantar, ya kwantar da hankalinsa, aikin minti biyar ne. Na haɗa ordinatar, wato kwamfuta, da salulata, amma a ƙauyenmu rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau sama. Na kafa tsani, na saƙala salular a bakin jinkar rumbun Kawu Ilu, har ina yi wa darekta bayanin yadda intanet ke tafiya a iska.

Sunaye suka tafi lafiya. Salula kuma ta sulale cikin hatsi.

Kowa ya san Kawu ba ya buɗe wannan rumbu sai damina ta faɗi. Na durƙusa na roƙe shi. Ya kira ni da sunan da ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, ko yunwa ba ta taɓa sa ni buɗe shi da rani ba."

Da ƙyar ya yarda, maza shida suka ɗaga jinkar, matata tana ta kira don mu ji inda salular ta shige.

Har yau, duk wanda ya rasa rezo a garin, sai a ce masa, "Je ka wurin Mushe, ya zuba maka ita a rumbu."