Madubin Motar Alhaji

"Lafiya lau na kwana, Maigida, har zuwa lokacin da na ga fuskarka."

"Ni ma haka, Amariya. Na fito da farin cikina, na tarar matata ta ƙara tsufa a dare ɗaya."

Hajiya Ƙaltume ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tsintar wakenta a ƙofar gida. Mai maganar jikanta ne, Mas'udu, makanike a unguwar Kawukudi, wanda ya dawo daga Legas shekarar da aka koro baƙi daga can, ba ya ɗauke da komai sai akwatin sifana da surutu. Sunan marigayi mijinta aka sa masa. Ita kuwa tun ranar da aka kawo ta aure unguwar Nima bakinta bai taɓa kama sunan nan ba, don haka take ce masa Maigida, shi kuma ya riƙe ta matarsa.

A gabansu motar Alhaji, mijin nata, take, Datsun akori-kura mai ƙofa huɗu, kujera gaba kujera baya. Tun rasuwarsa take zaune a kan bulo, kaji na ƙwai a bayanta. Yanzu an zo an shafa jan fenti a bangon lungun: za a haƙa gota, magudanar ruwa, duk abin da ke kan hanya a kwashe shi kafin Litinin. Alidu na kasuwar Tudu, mai sayen matattun motoci yana yayyankawa ya sayar gunduwa-gunduwa, har ya zo ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa ƙofofinta kamar mai taya sa. Makullin dai yana ƙulle a haɓar zanin Hajiya.

Yau ta lura an janye bulon. Motar na tsaye a kan tayoyi.

"Na zo karɓar makullin motata," in ji Mas'udu, ya tsuguna ya sa hannu cikin tiren.

"Cire min wannan baƙin hannu daga abincin mutane. Motarka? Kai da ko keke ba ka taɓa saya ba?"

"Sunan wa ke jikin ƙofar? Ga shi can da farin fenti. Karanta."

"Ban yi boko ba."

"To ni in karanta, ke ki maimaita."

"Allah ya tsare bakina."

"Kin gani? Sunana ne, kunyata kike ji."

"Suna kawai ka samu. Mai sunan na gaskiya da huhun goro ya zo gidanmu, da atamfa har ƙanwar uwata ta samu. Kai fa? Ko kokon safe ba ka taɓa saya min ba."

"Ni da sifana na biya sadakinki."

"Shi ya sa na ce a mayar maka da abinka."

"To shi ke nan, na sake ki. Gobe in auri Azara mai wake da shinkafa ta bakin titi. Yarinya mai haƙora cif."

"Je ka. In ta ga faratanka ta ɗauka ka kwana haƙar gawayi. Ka faɗa mata kuma ni na wanke maka gindi kana tsala ihu kamar an taka ɗan akuya."

"Wannan tsohon zance ne, cale, mutuniyata. Yanzu ni babban mutum ne. Matattun motoci biyu na haɗa da wannan na tayar da rayayya ɗaya."

Wannan ta sani. Ta daɗe tana kallonsa daga nan inda take zaune, ya buɗe bakin motar ya ciro wani abu baƙi ya tafi da shi a buhu, ya dawo da wani ya cusa. Ba ta taɓa tambaya ba. Duk ranar da buhun ya fita sai ta ji kamar a cikinta aka sa hannu.

"Na gan ka ai. Ka kwashe mata hanji ka zuba mata na baƙi. Mahauci kawai. Gara ma Alidu, shi bai ɓoye wuƙarsa ba."

"Rediyetar ta wata ce da ta mutu a hanyar Nsawam, giyar ta wata ce da na tsinta a Kotobabi. Amma injin nasa ne, ban canja ba. Wankewa na yi."

"In kai gwani ne haka, me kake nema da makulli? Ba ku ne masu haɗa waya biyu mota ta tashi ba?"

"Ina kika taɓa ganin miji ya shiga ɗakinsa ta taga?"

Ta so ta yi dariya, ta danne. Shi kuma ya zauna sosai a ƙasa, ya daina wasa da waken.

"Kaka," ya ce. Ba ya kiran ta haka sai in magana ta zo. "Zelia mai gidan burodi ta New Town ta ce in motar ta tashi yau, za ta ɗauke ta yadda take, ta riƙa raba burodi da ita. In ba ta tashi ba, jibi Alidu zai zo da wutarsa ta yankan ƙarfe. Ƙofa ta tafi Kumasi, kujera ta tafi gidan wani mai aski. Ko wanne aka yi, ba za ta kwana a lungun nan ranar Litinin ba."

Hajiya ta dubi jan fentin da ke bango. Ta sani. Abin da ba ta iya faɗa ba shi ne, muddin makullin na jikinta, gani take kamar mai motar ya shiga masallaci ne, yanzu zai fito.

"Burodi," ta ce a hankali. "Motar da ta kai amare, ta kai ragunan layya, ta kai mutanen lungun nan makwancinsu."

"To ai ta huta da kuka, ta koma ƙamshi." Sai ta ga gefen bakinsa ya fara motsi, ta san shaiɗancin ya dawo. "Amma Amariya, akwai abu ɗaya da ya gagare ni a motar nan. Ke za ki warware min."

"Ni makanike ce?"

"Madubin ciki. Na zauna a kujerar direba na ɗaga ido, ba hanya nake gani ba koraa, ko kaɗan. Kujerar baya nake gani, can gefen dama, daidai inda kan gajeriyar mace zai tsaya. Na ce ko gocewa ya yi, na murɗa, ya ƙi. Ashe ɗaure yake da waya ta baya. Ɗaurin mutumin da ya san abin da yake yi."

Hannunta ya tsaya cikin waken.

Kafin wannan, Alhaji wata mota gare shi mai kujera ɗaya. Ita kuwa ta ƙi zama kusa da shi a gaba, ga ƙannensa, ga mutanen unguwa suna kallo. Baya take hawa, cikin buhunan goro, rana ta dake ta har Tudu. Wata rana ruwa ya kama su a hanya, ta iso gida jiƙe sharkaf, ta kwanta zazzaɓi. Ba a jima ba ya sayar da waccan ya kawo wannan, abokansa 'yan goro suna ta yi masa tsiya, wai ya rage wurin kaya ya sayi wurin zama. Tun daga nan a baya take zama, cikin inuwa. Duk sanda ta ɗaga ido, sai ta tarar da nasa. Har ya koma ga Allah, babu wanda ya taɓa tayar da zancen a cikinsu.

"Don ya riƙa duba kaya ne," ta ce, "kada su zube."

"Kaya masu kwalli?"

"Rufe min baki."

"Yanzu na gane! Shi ya sa bayan motar nan duk lotsa ce. Na yi ta bugu da guduma ina cewa wane irin direba ne wannan. Ashe mutum yana ja da baya yana kallon matata!"

"Teburin mai tuwon kenke ne ya shigo hanya!" Maganar ta fita kafin ta tare ta. Ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. "Kuma ya biya ta. Har da kifin."

"La ilaha illallahu. Ina zaune ana cin amanata tun ban zo duniya ba."

"Kai ne ka makara."

Ta ajiye tiren. Ƙullin makullin da ke haɓar zaninta ya daɗe, sai da ta sa haƙori. Ta miƙa masa makullin ba tare da ta dube shi ba, ta tashi tana dafa gwiwa, ta nufi motar. Ya yi wuf ya buɗe mata ƙofar gaba har da rusunawa.

"Bismillah, uwargida. Kusa da mijinki."

"Wanda ya fi ka ma bai samu ba."

Ta buɗe ta baya da kanta ta shiga, can gefen dama. Kujerar ta lotsa daidai yadda ta san ta. Warin man inji ya rufe komai, amma a ƙarƙashinsa tana jin na goro.

Mas'udu ya yi bisimilla ya murɗa. Motar ta yi tari kamar tsoho da asuba, ta yi shiru. Ya sake. Ta yi tari, ta yi shiru. Hajiya ta ga gumi yana gangarowa a ƙeyarsa. Ta kama tasbaharta.

"Taka mata sau biyu tukuna, ka saki," ta ce. "Ba ta son a yi mata gaggawa."

Ya taka, ya saki, ya murɗa. Motar ta girgiza, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta kama ruri. Kaji suka watse. Mata suka leƙo daga gidaje, wata ta rangaɗa guɗa. A hankali suka gangara lungun, suka wuce jan fentin, suka wuce famfo, har bakin titi.

Nan ta ɗaga ido. Idanu na cikin madubin suna jiran nata. Irin na Alhaji ne sak, sai dai waɗannan da baƙin mai a gira. Ta daɗe ba ta kawar da kai ba.

Ya tsaya a gefe bai kashe injin ba. Ya zaro filaya daga aljihu, ya datse wayar, ya kwance madubin, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙo mata ta kan kafaɗa.

"Abu ɗaya ke nan da na yanka a jikinta. Zelia zan sa mata sabo. Burodi ba ya bukatar a kalle shi."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta juya shi, ta duba.

"Ka shafa masa mai, ƙazami. Kuma ni dai tsohuwa nake gani a ciki."

"Don ba daga kujerar direba kike kallo ba."

Ta kai masa duka da tasbaha a ƙeya, tana dariya, ruwa na bin kuncinta. Sannan ta naɗe madubin a haɓar zani, inda makullin ya bari, ta laluba jakarta ta ciro farin goro ta ɓare, ta miƙa masa rabin da ya fi girma.

"Ungo. Na fasa mayar da sifanar. Juya ka kai ni gida, Maigida, kuma ka kalli hanya."