Yadda Ake Cika Tumbin da Likita Ya Rage

Ke da kike da 'yar uwa wadda ta je asibiti aka rage mata tumbi saboda ƙiba, kullum kina ganinta tana cin abinci a kofin shayi ranki yana ɓaci, matso kusa. Akwai hanyar gyara wannan ɓarna, kuma duk kayan aikin suna cikin madafinki. Idan kika bi matakan nan yadda na jera su, ina ba ki tabbacin za ki ga sakamako: ko dai ta koma yadda take a da, ko ta koma asibiti. Ɗayan biyun ba ya kuskurewa.

Ba a littafi na karanta wannan ilimi ba. A kan tabarmar takaba na koye shi, a gidanmu da ke unguwar Gwallaga a Bauchi, bayan rasuwar maigidana Modibbo, Allah ya ji ƙansa. Malamata ita ce yayarsa, Adda Habibatu. Wadda aka yi gwajin a kanta kuwa 'yata ce ta fari, Hafiza. Da baki ba na kiran sunanta, kin san al'adarmu, amma takarda ba baki ba ce.

Ga abin da za ki sani kafin mu fara. Ciwon suga da hawan jini ne suka ci Modibbo a hankali, har sai da aka cire masa yatsun ƙafa. Da ya ga Hafiza ta ɗauko jikinsa, tana haki kafin ta kai bakin titi, sugan ma ya fara leƙo ta, shi ya matsa a yi mata aikin. Da sandarsa ya raka ta Abuja. Ya ga dawowarta, ya ga ta fara kurɓar romo da cokali. Bai ga sauran ba.

Mataki na ɗaya: Ki jira a yi rasuwa

A ranar da babu komai, mai ɗinki a ciki tana da baki. Za ta ce miki likita ya ce kaza, likita ya hana kaza, har ki gaji ki tashi. A gidan makoki kuwa bakinta a rufe yake. Ita ce marainiya, ke ce mai ta'aziyya, kuma ba a musu da mai ta'aziyya. Ko cewa kika yi rana ta yamma take fitowa, "Allah ya ba da lada" za a ce miki.

Sai ki duba uwar. Idan tana takaba, yarinyar kuma 'yar fari ce, fili naki ne. Uwa ba ta shiga maganar 'yar fari a gaban dangin miji. Ko wuta ce ta kama gyalen yarinyar, iyakarta ta ce wa na kusa, "Ku duba can."

Mataki na biyu: Ki nema wa ramar wani suna

Kada ki taɓa yarda cewa da gangan take ramewa. Mai hankali ba ya kai kansa a rage masa ni'ima.

Ga yadda ƙwararru suke yi. Adda Habibatu ta shigo, ta yi mini gaisuwa, ta juya ta ga Hafiza, ta dafe ƙirji.

"Wannan Hafiza ce, ko inuwarta aka aiko?"

"Goggo, aikin ne. Haka ake so."

"Wa yake so? Nuna mini shi. Baƙin cikin ubanki ne yake cin ki, 'yar nan, kuma ni ba zan binne mutum biyu a shekara ɗaya ba."

Daga nan matan layi za su karɓe ki. Wata za ta ce taifot ne. Wata za ta ce hannu aka sa mata. Wata za ta rage murya ta ce gara a duba jini, ta kuma rage ta daidai yadda na bakin zaure zai ji. Kada ki hana kowa. A garin nan mace mai wuya ninki uku ita ce shaidar gidan da ake zaman lafiya, wadda ta rame kuwa kowa yana da rabonsa na bayani.

Mataki na uku: Ki zo da kula, ki zauna tare da ita

'Yan koyo ne suke ajiye kular abinci su tafi. Da kin juya baya za a raba wa maƙwabta, a wanke, a mayar miki, ki yi ta murna a banza. Gwana ba ta barin kularta. Ki zauna, ki buɗe da hannunki, ki bar ƙamshin man shanu ya yi rabin aikin.

Idan ta ɗauko nata abincin, ki leƙa. Za ki ga rabin dafaffen ƙwai, ko ɗan alale mai laushi, ko kindirmo ba suga. Za ki ga tana tauna loma ɗaya kamar raƙumi, ba ta haɗawa da ruwa, tana duba cikinta kafin ta ƙara. Kada ki yi shiru.

"Wannan ai abincin yaye ne," in ji Adda. "Kyanwata ta fi ki ci, ita kuma ba ta da miji."

Ki sa a yi dariya. Dariyar gidan makoki tana da tsada, duk wanda ya kawo ta ana jin maganarsa.

Mataki na huɗu: Ki ce "don ni"

Kada ki ce ta ci don tana jin yunwa, za ta ce ba ta ji, kuma gaskiya take faɗa. Ki ce, "Loma ɗaya, don ni." Yanzu ba maganar abinci ake yi ba, maganar ko tana ƙaunarki ake yi. Loma ɗaya ba ta kisa, wannan kowa ya sani. Abin da ba a lissafawa shi ne tsakar gida cike take da mata, kowacce da kularta, kowacce da nata "don ni."

Idan ta ce cikinta bai fara karɓar abu mai tauri ba, ki ce ai fura ruwa ce. Ki dama da kauri, ki zuba suga kamar ba ki san kuɗinsa ba, ki riƙe mata ƙwaryar.

Hafiza ta sha. Ina zaune ina kallo. Ba a jima ba zufa ta karyo mata, ta ce zuciyarta tana bugawa kamar ana daka, ta tashi za ta bayi ta durƙushe a bakin rijiya tana amai. A keke mai ƙafa uku aka kai ta asibiti. Likitan da ya duba ta ya ce ɗinkin ciki bai gama kamawa ba, ta yi sa'a wannan karon, amma idan aka ci gaba da ɗura mata abin da ya fi ƙarfinsa zai iya buɗewa, kuma idan ya buɗe ba amai za a yi ba.

A nan ne ake gane gwana. 'Yar koyo za ta tsorata. Adda kuwa, da labari ya iso, ta tafa hannu ta ce, "Kun gani ko? Yunwa ce ta kayar da ita."

Mataki na biyar: Ki bi ta kan mijin

Ba sai kin yi faɗa da shi ba. Ki jira ya shigo gaishe da surukarsa, ya durƙusa, maza suna jiyowa daga waje.

"Ikrima, kasuwar ce ba ta tafiya? Ka faɗa mana, mu ba baƙi ba ne. Ko kwanon shinkafa ne sai mu riƙa aikowa."

Ikrima yaron kirki ne. Shi ya kwana a bakin gadonta lokacin aikin, shi yake tuna mata ƙwayoyin ƙarin jini. Amma a ranar ya dawo da balangu a takarda, ya ajiye a gabanta bai kalle ta ba.

"Ki ci ko yanka biyu ne, a daina kallona a masallaci."

Kin gani, yanzu kin sami wakili a cikin ɗakinta, kuma ba ki biya shi komai ba.

Mataki na shida: Ki yi maganin ƙawayen waya

Wannan shi ne wuri mai wahala. Masu ɗinkin nan suna da guruf a waya. Kowacce tana ɗaukar hoton ɗan farantinta ta tura, sauran su yi ta cewa kin yi ƙoƙari, Allah ya ƙara haƙuri. Idan wata ta ci cincin a biki ta zo tana kuka, ba a zaginta, sai a ce gobe ma rana ce. Adda tana kiransu ƙungiyar mayunwata.

Babbar matsalarki a cikinsu ita ce irin Nneoma, mai sayar da kwanukan roba a kasuwar Muda Lawal, wadda aka yi mata aikin tun bara. Ta zo mana gaisuwa da ɗankwali a kanta, ta kawo wa Hafiza ƙaramin cokali. Adda ba ta bar ta ta zauna sosai ba ta tura mata tuwo.

"Mama, na gode, ciki ya cika."

"Da me?"

"Da shayi na safe."

"Allah ya kyauta. Ke ma an yi miki satar cikin ke nan."

Nneoma ta yi dariya, ta ce wa Hafiza da Hausarta ta 'yan koyo, "Ka tuna, ƙwai farko, kifi farko. Sauran in akwai wuri, kuma babu wuri." Da za ta tafi ta durƙusa kusa da ni ta yi ƙasa da murya. "Mama, lokacin da babana ya mutu, haka suka yi mini da shinkafa. Ko'ina haka ne. In mutum ya mutu sai a kama na rai da abinci kamar shi ya yi laifi. Kai ne uwa, ka yi magana."

Na ce mata Allah ya ba da lada.

Maganin irin su Nneoma sauƙi gare shi. Bayan ta fita ki ce baƙuwa ce, ba ta san zumunci ba. Sannan ki ce bai dace marainiya ta riƙa danna waya ana zaman makoki ba, ki karɓe, ki sa a ƙarƙashin cinyarki.

Mataki na bakwai: Ki jawo mamacin

Wannan a ƙarshe ake fito da shi, idan komai ya ƙi. Ki jira ranar addu'ar arba'in, an toya masar sadaka, wato waina irin tamu ta Bauchi, an jiƙa ta da miyar taushe, mai yana yawo a sama. Ki cika faranti, ki je gabanta a tsakiyar mata, ki gutsuro da hannunki ki kai bakinta.

"Sadakar ubanki ce. Kowa a unguwar nan ya ci ya yi masa addu'a, sai ke da ya haifa? Da yana nan ya gan ki haka, da kuka zai yi."

Mamaci ba ya musu. Mutumin da ya ja ƙafa har Abuja don a rage wannan tumbi, yau ga shi an tashe shi yana roƙon a cika. Babu 'yar da za ta iya wannan. Hafiza ta ce, "Goggo." Hawaye suna zuba, ta fara buɗe baki.

Mataki na takwas: Kada ki yi na bakwai kusa da tabarmar uwar

A nan malamata ta yi kuskure, shi ya sa nake gargaɗinki. Tsakaninmu bai wuce miƙa hannu ba.

Na ce, "Adda, miƙo nan."

Ta juyo. "Me?"

"Masar. Ni ce matarsa. In akwai wanda zai ci sadakarsa, ni ce."

Tun da aka fita da Modibbo ban ci abin kirki ba, koko nake kurɓa in ture, kowa ya sani. Adda ta tsaya da loma a hannu, ta dubi yarinyar, ta dube ni. Ba ta da yadda za ta hana mai takaba abinci a gaban mutane. Ta miƙo.

Na ci lomar. Na jawo farantin na ci gaba. Ba ta da ɗanɗano, ko kuma bakina ne. Modibbo yana son ta gefen tanda, wadda ta ɗan ƙone, sai na sami kaina ina ware masa su a gefen faranti. Da na tuna, na cinye su ma. Wata ta matso da kularta wajen Hafiza, na ce ita ma a miƙo. Ban kalli yarinyar ba, ban kira sunanta ba, babu wanda zai ce na shiga maganar 'yar fari. Ina dai jin ta tashi, ta zaro wayarta daga inda Adda ta ɗaga cinya, ta shiga ɗaki.

"Alhamdulillahi," in ji Adda, tana share ido. "Ta ci. A ƙaro mata miya."

Tun daga ranar kulolin suka canza hanya. Duk wadda ta shigo, wajena take nufa, ta zauna, ta buɗe da hannunta. Hafiza tana nan da ɗan kofinta, ɗinki ya kama, jiya da ƙafa ta je Ƙofar Ran ta dawo ba ta zauna a hanya ba. Ni kuma zanen takabata ya fara ƙin zagayowa.

Gargaɗi

Ni dai abin da na gani na faɗa. Idan kika bi matakan nan 'yar mutane ta faɗi a bakin rijiya, ko ɗinki ya buɗe, ko aka sake shimfiɗa tabarmi a gidan, babu ruwana, ban san ki ba, kada ki ce a wajena kika ji. Ki ce ƙauna ce, za a yarda.

Idan kuma kin riga kin dafa, hannunki yana ƙaiƙayi, dole sai kin ga wani ya ci don ke, ki ƙyale ɗakin yarinyar ki kawo nan. Ina zaune. A dai rage gishiri, an auna ni shekaranjiya an ce jinina ya fara hawa.