Zoɓon da Na Sha a Kuje

Wata Asabar na shiga wata sakandare a Kuje cikin babbar riga, don ni ne alƙalin gasar kimiyya ta ɗalibai masu hazaƙa. Tun a mota nake gaya wa Bala, abokin aikina, cewa ni fa kimiyyar nan na karanta a jami'a, babu abin da yara za su nuna mini.

Muka iso teburin wasu 'yan mata biyu, ga kofunan zoɓo a jere. Ƙishi ya ishe ni. Na ce a raina, kai, yaran nan akwai tarbiyya, har da abin tarbar baƙo. Na ɗauki wanda ya fi duhu, ina kurɓa ina yi musu lacca kan muhimmancin lura a kimiyya. Ɗanɗanon ya yi wani iri, amma na daure na shanye, kada su ji kunya.

Babbar cikinsu ta ce, "Baba, aikinmu ne fa. Yadda zoɓo ke canza launi muke nunawa. Wannan mai kanwa ne."

Na gyara hula na ce, "Na sani, gwaji nake."

Bala ya dafa bango don dariya.

Yaran suka haɗa wani zoɓon, suka zo na biyu a gasar. Ni dai ban ga rabon kyauta ba, kanwa ta tsare ni a banɗaki.

Har yau in na shigo taro a ofis, sai Bala ya ce, "A janye kofuna, alƙali ya iso." Matata kuwa in ta miƙo mini zoɓo, sai ta tambaya, "Alhaji, sha za a yi ko gwaji?"