Rasuwar Kwamfutar da Aka Yi wa Wankan Rubutu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ma ya samu gefe ya zauna a cikinta, ni Mutawakil, ɗan marigayi Malam Saddique mai shela na unguwar Nima, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta masu leƙen taga rasuwar kwamfutata, wadda gidanmu suka fi sani da Baƙar Tsohuwa. Ta cika ranar Larabar da ta wuce a kan teburin wani mai gyara a unguwar Circle, bayan jinyar da ba ta nema ba. Ta tafi da muryar mahaifina a cikinta, kuma babu inda muryar ta saura a duniya.

Marigayiya ba 'yar ƙasar nan ba ce. Ta yi ƙuruciyarta a wani ofis a Turai, inda aka more ta har aka gaji, sannan aka jefa ta a kwantena tare da tsofaffin firji aka turo ta tashar jirgin ruwa ta Tema. A hannun ɗan gwanjo na same ta, da tabo a murfi, wasu haruffanta sun goge sai an laluba. Mai sayarwa ya rantse mini cewa wata dattijuwa ce ta riƙe ta, ba ta kunna ta sai ranar Lahadi. Ban yarda ba, amma na ɗauke ta, na hau trotro, motar hayarmu, da ita a cinya har gida.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaida haƙurinta. Batirinta ya riga ta tafiya da daɗewa, saboda haka a bakin caja take rayuwa, in aka ɗauke wuta ta suma, in aka kawo ta farfaɗo ba tare da ta yi wa kowa ƙorafi ba. Idan aiki ya yi mata nauyi fankarta kan yi fuuuu, kamar tsohuwa ta hau bene, in ta gama kuma ta ce tit, sau ɗaya, cikin ladabi. Ba ta taɓa kallon fim ba, ba ta taɓa zuwa biki an yi kiɗa da ita ba, duk da an sha zuwa aronta. Fuskarta baƙa ce da fararen rubutu suna gudu, abin da ya sa yawancin masu leƙe suka ɗauka tun asali a lalace take.

Aikin da ta yi rayuwarta a kai shi ne manhajar da ba ta da mai ita, irin wadda kowa ya ga ɓaraka zai kawo ɗinki, kowa kuma ya ɗauka kyauta. Da na taso daga shagon fenti da nake aiki a Adabraka, ita nake zama wa. Gyarana na farko an dawo mini da shi saboda waƙafi guda, na gyara na mayar, wata mata a Brazil da ke kula da aikin ta ce madalla, na kwana biyu ina murmushi ni kaɗai. Mutanen layinmu sun yanke hukunci tun tuni cewa sakawa nake yi, wato damfarar Turawa ta intanet. Da shekaru suka wuce ba su ga mota ba, ba su ga sarƙa a wuyana ba, sai suka sassauta, suka ce sakawar ce dai, amma ta wanda ba shi da kai.

Babban abin da marigayiya ta ɗauka shi ne muryar Baba. Wanda ya tashi a Nima ya san muryar, domin ko rasuwa aka yi ko suna, shi ke hawa lasifikar masallaci ya sanar, a ji shi har tsallaken babban kwata cikin Maamobi. Wayoyin yanzu suna karanta wa mutum saƙo da Turanci, amma babu wadda ke magana da irin Hausarmu ta Zango, shi ya sa tsofaffinmu sai sun miƙa wa jika waya ya karanta musu asirinsu da ƙarfi a tsakar gida. Na roƙi Baba ya ba wa aikin muryarsa, ya yarda. Duk Lahadi mukan jingina katifa a taga don kare ihun yaran trotro da ƙarar injin niƙa, ya zauna gaban makirufo yana karanta jimloli. Ya sha cewa jimlolin na shashanci ne, amma ko batirinka ya kusa ƙarewa zai karanta, sai ka ji kamar babban mutum ne ya rasu a unguwa.

Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: kada muryarsa ta fita daga ɗakin nan, kada a ɗora ta ko'ina, sai ranar da ta iya gaisuwa yadda mutumin kirki ke gaisuwa. Ya rasu cikin azumin bara bai ji ranar ba. Na riƙe masa alkawari, na ci gaba da koya wa marigayiya, har ta kai tana iya faɗin abin da Baba bai taɓa faɗi ba, da muryarsa, da ɗan jan da yake yi a ƙarshen magana. Makon jiya ta iya gaisuwa. Na sanar da abokan aiki cewa Asabar zan ɗora, suka rubuta a shafin aikin cewa Hausar Zango tana tafe.

Ciwon ajali ya fara ne ranar Juma'a bayan la'asar. Mma Azara, ƙanwar Baba, wadda ke sayar da wake da shinkafa a bakin layi, tana tsakar gida tana tsince wake. Na so in faranta mata, sai na buɗe taga na sa marigayiya ta ce, sannu da aiki Azara, yaya ƙafar? Tiren waken ya faɗi. Na fito na yi mata bayani tun daga makirufo har katifa, ta saurare ni har ƙarshe tana gyaɗa kai, ta ce to. Duk wanda ya san Mma Azara ya san to ɗinta ba yarda ba ce.

Ranar Asabar wuta ba ta zo ba, Lahadi ma haka, ɗorawa ta koma Litinin da yamma. A tsakanin nan Mma ta je wurin Malam Wahab ta shaida masa cewa wani abu ya kama muryar yayanta ya kulle a akwati, yana hana shi kwanciyar kabari, yana kuma neman haukata yaron gidan. Malam ya yi rubutu ya wanke a galan, ya ce a ba ni in sha in shafa. Mma ta yi nazari irin nata, ta ga cewa ba ni ne nake magana da muryar mamaci ba, saboda haka ba ni ne mai bukatar magani ba.

Litinin ina Adabraka ina auna wa mutane fenti, ta shiga ɗakina. Ta buɗe marigayiya a cikin bahon da take jiƙa wake, ta juye mata galan ɗin, da ta ga bai rufe ta ba ta ƙara ruwan famfo. Faifan ajiya mai ɗauke da kwafin muryar, wanda na keɓe domin irin wannan rana, yana maƙale da ita da igiyarsa, Mma ta ce ai ɗa ba ya rabuwa da uwa a wurin magani, shi ma ta tsoma shi. Da suka jiƙu ta shanya su a kan kwano cikin rana. Wuta ta dawo kafin ni, sai ta jona su don ta ji ko Yaya ya samu sauƙi. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce tsss, ɗakin kuma har yau yana warin ƙonanniyar roba.

An garzaya da su wurin Rahim mai gyara, ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya ga tawada ta bushe a kan kowace jijiya. Ya jona faifan, faifan ya yi ƙyas, ƙyas, ƙyas, ya yi shiru. Rahim ya dube ni ya ce, “Cale, abokina, wannan ya wuce gyara, sai dai addu'a.” Na ce masa addu'ar ce ta kawo mu. Wani gwani a unguwar Madina ya riƙe faifan kwana biyu, ya dawo mini da shi a leda bai ko karɓi ladan dubawa ba.

Marigayiya ta bar caja guda mai ɗaure da salatif a wuri uku, da linzami mai maɓalli ɗaya, da makirufo wanda ba shi da sauran wanda zai saurara, da katifar da har yanzu ke jingine a taga. Ta bar ni, kuma ba zan ɓoye ba, mutuwar nan ta fi ta farko, ta Baba, yi mini ciwo, domin ta farko babu hannun kowa a ciki.

Muna godiya ga waɗanda suka yi ta'aziyya. Malam Wahab ya aiko cewa shi sha ya ce a yi, kuma rubutunsa bai taɓa kashe kowa ba, Allah ya saka masa da irin rubutunsa. Maƙwabta sun ce gara da aka yi, yanzu wataƙila in yi aure. Wani abokin aiki daga ƙasar sanyi ya tambaya ko na gwada binne ta a cikin shinkafa don ta tsotse ruwan, na amsa masa cewa a gidanmu ta riga ta bi ta bahon wake. Matar Brazil ta yi kalamai masu daɗi, sannan ta goge layin da ke cewa Hausar Zango tana tafe, ta rufe batun, domin haka tsarin aikin yake.

Mutum ɗaya ce ba ta yi ta'aziyya ba, saboda ba ta san an yi rasuwa ba. Kowace safiya Mma Azara takan tsaya a ƙofar ɗakina da kofin koko, ta ce, “Ɗana, kwamfutan ya bushe? Yanzu da ya yi tsarki, ka sa Yaya ya ƙara tambayana ƙafa.” Ta ce tun da ya rasu babu wanda ya tambaye ta ƙafar. Ni kuma nakan karɓi kokon in ce bai bushe ba tukuna.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar a ƙofar gidanmu, lokacin da 'yan kondem masu sayen tsohon ƙarfe ke wucewa da kurarsu. Ba za a yi wanka ba, an riga an yi. Za a sa uwa da ɗa a buhu guda, a ɗora a sikeli, duk abin da suka auna kuma a bar wa masu kurar, ba na so. Ba a bukatar rumfa ko kujeru, sai kujera ɗaya da za a ajiye a gaba saboda Mma Azara, don kada tsayuwa ta dami ƙafarta.

Mma ba ta karatun boko, kuma wayarta ba za ta karanta mata ba. Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan sanarwa ta fara isa hannunsa ya je bakin layi ya karanta mata, bayan ta sallami masu sayen abinci, a hankali, tun daga sama har ƙasa, kada ya tsallake sunanta ko sau ɗaya. Idan ta tambaya ko Yaya zai ƙara magana, a ce mata a'a. Idan ta tambaya me ya sa, a sake karanta mata daga wurin baho.